Ina zan samo madogara don binciken tarihin jangali a ƙasar Katsina?

Ɗalibar Tarihi ta rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa ɗalibai. Ina karatun digiri na biyu a sashen tarihi na wata jami'a a Arewa, kuma an amince mini da batun da zan rubuta kundina a kai, wato yadda aka riƙa karɓar jangali, harajin shanu, a gundumomin Katsina na bakin iyaka a zamanin Sarki Muhammadu Dikko, daga 1906 zuwa 1944. Abin da ya ja ni ga wannan batu shi ne labarin da kakata ta wajen uwa take ba mu muna yara, cewa da damina ta kankama, aka ji ƙishin-ƙishin malaman jangali sun fito, mahaifinta yakan kora rabin garkensa cikin dare ya tsallaka da shi ƙasar Faransi, wato Nijar ta yanzu, ba ya dawowa sai ƙura ta lafa. Na daɗe ina son in san ko wannan dabarar mutum ɗaya ce ko kuwa abu ne da ya game yankin, da kuma yadda Turawa da hakimai suka ɓullo wa lamarin.

A makon da ya wuce na kai wa malamin da ke duba aikina babi na farko, ya dawo mini da shi jajir da biro. A gefen shafi na huɗu ya rubuta cewa duk abin da na kawo daga littattafai uku na kwaso shi, kuma su ma ukun juna suke maimaitawa, sannan ya ja layi biyu a ƙarƙashin tambayarsa: ina madogara ta asali? Na koma ɗakin karatun jami'armu, na sami katin wani littafi a cikin durowa amma babu shi a kan kanta, wani kuma na same shi an yage shafukan da nake nema. Idan na rubuta kalmar jangali a Google, abin da ke fitowa bai wuce labaran jaridu kan rikicin manoma da makiyaya na yanzu ba.

Kuɗin da nake da shi ba zai ɗauki tafiya fiye da biyu ba, ga aikin koyarwa da nake yi a makarantar sakandare, wanda ba ya ba ni dama sai lokacin hutu. Don haka nake neman shawarar waɗanda suka riga ni bin wannan hanya. Ina ya kamata in fara zuwa? Me zan iya samu ta intanet ba tare da na bar gida ba? Kuma shin hirar da zan yi da dattawa za ta iya tsayawa a matsayin madogara, ko kuwa sai takardar Bature ce kaɗai ake karɓa? Allah Ya saka da alheri.

Ma'aikacin Laburare ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Na shekara goma sha ina aiki a ɗakin karatun jami'a, kuma abin da na fi gani shi ne ɗalibi ya shigo ya leƙa kanta ɗaya, ya ga ƙura, ya fita yana cewa babu komai. Kafin ki kashe kuɗin mota, ki ƙara ba ɗakin karatunku kwana uku, amma wannan karon ki wuce ɗakin aron littattafai, ki nemi sashen da ake ajiye kundayen digiri da sashen mujallu, sannan ki gaisa da ma'aikacin da ya fi kowa daɗewa a wurin. Sau da yawa littafin da kati ya nuna amma babu shi a kanta yana can a sashen ajiya na musamman, inda ba a ba da aro sai dai a karanta a wurin.

Yawancin jami'o'inmu suna jera littattafai ne bisa tsarin laburaren majalisar dokokin Amurka, mai amfani da haruffa. Tarihin Afirka yana ƙarƙashin DT, na Nijeriya kuma DT515, kuma nan ne ɗaliban tarihi suke tsayawa. Amma batunki bai tsaya a nan ba. Haraji da kuɗin gwamnati suna HJ, kiwon dabbobi yana SF, nazarin al'ummomi da al'adunsu yana GN. Jangali ya ratsa duka huɗun, wanda kuma ya duba kanta ɗaya kawai ya bar kashi uku a baya.

Game da kundaye, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta daɗe tana yaye masana tarihin Arewa, kuma ɗakin karatu na Kashim Ibrahim yana da tarin ayyukansu. Jami'ar ta sa da yawa daga cikinsu a rumbunta na intanet mai suna Kubanni, ana saukewa kyauta. Kada ki karanta kundi don ki kwashi maganarsa. Ki buɗe shi ta baya, ki duba jerin fayilolin da mai shi ya karanta da lambobinsu, da garuruwan da ya yi hira. Kundi uku ko huɗu kan Katsina za su ba ki lambobin fayil masu yawa tun kafin ki taka ƙafa a Kaduna.

Ta fuskar mujallu, rumbun JSTOR shi ne ya fi dacewa da ke, domin yana ɗauke da tsofaffin fitowar mujallar ƙungiyar masana tarihi ta Nijeriya, wadda ta fara fita a 1956, da mujallar tarihin Afirka da ake bugawa a Kambirij tun 1960. Tun 2006 JSTOR ya yafe wa cibiyoyin ilimi na Afirka kuɗin shiga, saboda haka ki tambayi sashen kwamfuta na ɗakin karatunku ko jami'arku ta yi rajista. Ko da ba ta yi ba, kina iya buɗe asusun kanki kyauta, ki riƙa karanta wani adadi na maƙaloli kowane wata a kan allo. Akwai kuma AJOL, wanda ya tattara mujallun da ake bugawa a Afirka, da Internet Archive, inda za ki tarar da tsofaffin littattafan Turawan mulkin mallaka. Rahotannin shekara-shekara na Nijeriya ta Arewa, na kafin haɗewar 1914, su ma an ɗauki hotonsu an sa a intanet.

Abin da ya sa Google ya ba ki kunya shi ne kin tambaye shi da rubutun yau. Turawan farko sukan rubuta Katsena maimakon Katsina, su rubuta Filani ko Fulbe, jangali kuma wani lokaci su kira shi harajin shanu da harshensu. Ki yi amfani da Google Scholar, ki gwada kowane salon rubutu daban, ki haɗa shi da sunan gunduma kamar Kaita ko Jibiya ko Ruma.

Sai gargaɗi biyu. Akwai mujallun da ke buga duk abin da aka aika musu muddin an biya, ba tare da wani masani ya tantance ba, kuma za ki gane su da yadda fitowa ɗaya take haɗa maƙalar tarihi da ta kiwon kifi da ta lissafi. Haka nan manhajojin nan masu amsa tambaya sukan ƙaga sunan littafi da marubuci da shekara, su jera su tsaf kamar gaske. Duk abin da ba ki gani da idonki ba, kada ya shiga kundinki. Ki sauke manhajar Zotero, kyauta ce, ki riƙa shigar da kowace madogara ranar da kika karanta ta.

Tsohon Malami ya amsa:

'Yata, Allah Ya yi miki albarka da kika ɗauki maganar kakarki da muhimmanci. Malam Ma'aikacin Laburare ya faɗi gaskiya, sai dai ina jin tsoron kada yawan abin da ya lissafa ya sa ki zauna a gaban waya wata shida kina saukewa kina tarawa. Abin da ke intanet yawancinsa abin da wasu suka riga suka rubuta ne, malaminki kuwa ba shi ya tambaye ki ba. Amsar tambayarsa tana Kaduna, a Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke kan titin Yakubu Gowon. Wannan hukuma ta samo asali ne daga aikin masanin tarihi Kenneth Dike, wanda ya zagaya yana duba halin da tsofaffin takardun gwamnati suke ciki, har aka kafa ofishin adana su a 1954. Manyan rassanta uku ne, Ibadan da Inugu da Kaduna, kuma na Kaduna shi ne ya gaji takardun lardunan Arewa. In tafiya biyu gare ki, ta farko ta zama can, ki kuma ware mata aƙalla mako biyu.

Ga abin da ɗalibai kan yi tuntuɓe da shi. An jera takardun ne bisa ofishin da ya haife su, ba bisa batu ba, don haka babu wata durowa da aka rubuta wa jangali. Akwai jerin SNP, wato na sakatariyar lardunan Arewa, akwai kuma na kowane lardi, kamar KANPROF na Kano da ZARPROF na Zariya da KATPROF na Katsina. To, Katsina ba ta zama lardi mai cin gashin kansa ba sai 1934, lokacin da aka haɗa ta da Daura. Kafin nan tana ƙarƙashin Lardin Kano har zuwa 1926, daga nan aka mayar da ita Lardin Zariya. Ke nan shekarun da kika zaɓa sun rabu gida uku, kuma wanda ya tsaya a KATPROF kaɗai zai iya rasa rahotannin da aka aika wa Razdan, wato Baturen da ke shugabantar lardi, na Kano a shekaru ashirin na farkon sarautar Dikko. Ni kaina haka ta faru da ni ina saurayi, na yi kwana biyar ina neman abu a inda ba ya nan, sai da wani dattijon ma'aikaci ya dube ni ya ce, yaro, a wannan shekarar wa ke mulkin garin da kake nema?

Ki nemi rahotannin ƙiyasin haraji na gunduma-gunduma, waɗanda Di'o, Baturen da ke ƙarƙashin Razdan, ko mataimakinsa kan rubuta bayan ya yi rangadi, da rahotannin shekara na lardi, da ƙiyasin kuɗin shiga na baitulmalin En'e, wato hukumar gargajiya ta sarki. Batun baitulmali ya shafe ki ƙwarai, domin Katsina tana cikin wuraren da aka fara gwada shi, a zamanin Dikko da Palmer, Baturen mulki na Katsina, kuma baitulmalin ne ya mayar da hakimi daga mai cin rabo a cikin abin da ya tara zuwa mai karɓar albashi. Kada ki manta da takardun ma'aikatar dabbobi. Ciwon bushiya ya yi wa shanun ƙasar Hausa mummunar ɓarna wajen 1890, kuma bayan an kafa cibiyar binciken cututtukan dabbobi a Vom a 1924 aka shiga yi wa shanu allura a sansanoni. Wurin allura wuri ne da ake ganin garke a fili, don haka ki gwada adadin shanun da likitan dabbobi ya rubuta da wanda malamin jangali ya kawo a shekara guda. Inda lissafin biyu suka saɓa, a nan aikinki yake.

Yanzu bari in daɗe kaɗan a kan yadda ake karanta irin waɗannan takardu, domin samunsu ya fi karanta su sauƙi. Idan kin buɗe rahoto kika ga an rubuta cewa shanun gunduma kaza dubu kaza ne, ki tambayi kanki wa ya ƙirga. Baturen da ya sa hannu ba shi ya shiga ruga ba. Ardo ne ya faɗa wa dagaci, dagaci ya faɗa wa malamin jangali, malamin ya kai wa hakimi, tafinta ya juya wa Di'o, shi kuma ya rubuta abin da zai faranta wa Razdan. Kowannensu yana da dalilin ragewa ko ƙarawa. Makiyayi yana son ya biya kaɗan, mai karɓa yana iya karɓar na shanu hamsin ya ba da rasit na talatin, Di'o kuma yana son a ga kuɗin shiga ya haura na bara. Wannan adadi ba yawan shanu ba ne, yawan shanun da aka yarda a rubuta ne. Haka kuma idan rahoto ya kira makiyaya maƙaryata ko masu taurin kai, ki ajiye zagin gefe, ki ɗauki shaidar da ke ƙarƙashinsa, wato cewa mutane suna kauce wa harajin har abin ya dami hukuma. Ki riƙa karanta ɗan rubutun da manya suke yi da alƙalami a gefen takarda ko a bangon fayil, domin a nan sukan faɗi abin da ba sa sawa a rahoto. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, wanda ya yi digirinsa na uku kan tarihin Katsina, ya sha nanata wa ɗalibai cewa kowace madogara sai an tuhume ta, ta Bature ce ko ta malami ko ta maroƙi.

Tunda kina Kaduna, ki raba kwanakinki da Gidan Arewa da ke titin Rabah, a harabar gidan Sardauna Ahmadu Bello, wanda ya zama cibiyar binciken tarihi ta Jami'ar Ahmadu Bello a 1970 a ƙarƙashin Farfesa Abdullahi Smith. Akwai kundaye da rubuce-rubucen Larabci da na ajami da tsofaffin jaridu. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Janairun 1939, ke nan ta riski shekaru biyar na ƙarshen zamanin da kike nazari, kuma wasiƙun masu karatu sun fi labaran shafin farko amfani a gare ki. Wasiƙun da sarakuna da hakimai suka yi wa juna da Larabci ko ajami su ma madogara ce, in ba ki iya karantawa ba ki nemi malamin zaure ya zauna da ke, ki biya shi hakkinsa.

Ki tafi da takardar gabatarwa daga sashenku da katin shaida. Ki tambayi ƙa'idar ɗaukar hoto tun ranar farko. Kowane fayil kika buɗe, ki fara rubuta lambarsa da sunansa da shekararsa kafin ki karanta ko layi ɗaya, in kuma an yarda ki ɗauki hoto, ki fara da bangon. Na san wanda ya dawo gida da hotuna sama da dubu a waya, bai san wanne ya fito daga wane fayil ba.

Ɗan Maraɗi ya amsa:

Gaisuwa ga malamai. Ni daga wancan ƙetaren nake, inda mahaifin kakarki yake kawo shanunsa, kuma ina ganin akwai rabin labarin da ba a taɓo ba. Garken da ya ɓace daga lissafin Ingilishi ya bayyana ne a ƙasar da Faransawa suke mulki, su ma kuma suna da nasu lanho, wato haraji, suna ƙirga mutane da dabbobi, suna rubuta rahoto. Iyakar nan yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906 ne suka tsara ta, aka kafa alamominta tsakanin 1906 da 1908, wato daidai hawan Dikko. Ta raba mutanen da suke dangin juna, domin sarautar Maraɗi ta Katsinawa ce da suka baro birni bayan jihadi, har yau kuma Sarkin Katsina ake kiran mai riƙe da ita. Tsallakawar ma ba ta fuska ɗaya ba ce. Mutanenmu sun riƙa gudu kudu saboda nauyin lanho da aikin tilas, wanda Faransa ba ta soke ba sai 1946. Idan kin dubi ɓangare ɗaya kawai, za ki ɗauka kowa arewa yake gudu.

Takardun kumandan, wato Baturen mulki na Faransa, na Maraɗi da Tasawa, musamman rahotannin rangadi da bayanan da akan rubuta kan tarihin kowane yanki da mutanensa, ana nemansu ne a ma'ajiyar takardun ƙasa da ke Yamai. Ki lura cewa Damagaram ce hedikwatar mulkin Nijar har zuwa 1926, kuma rahotanni suna wucewa Dakar, inda babban gwamnan Afirka ta Yamma ta Faransa yake zaune, shi ya sa ake samun wasu a can, wasu kuma a Aix-en-Provence a kudancin Faransa. A Yamai akwai cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni, mai binciken ilimin ɗan'adam, wadda take da sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami da ya ginu a kan abin da Boubou Hama ya tara. Akwai CELHTO, cibiyar tattara tarihin baka da ke ƙarƙashin Tarayyar Afirka. Akwai kuma LASDEL, wadda aka kafa a 2001, tana sa rahotannin bincikenta kan zamantakewa a intanet kyauta.

Na san kuɗinki ba zai kai ki Yamai ba, ba kuma ina cewa dole ki je ba. Amma shafin Persée da na Gallica, rumbunan mujallu da littattafan Faransanci a intanet, kyauta ne, kuma Faransawa masu bincike irin su Guy Nicolas da Claude Raynaut sun yi shekaru suna aiki a ƙasar Maraɗi. Ki nema da rubutunsu: Djibia, Tessaoua, Peul. Idan kin sami shafukan da kike zargin sun shafe ki, ki kai wa ɗalibin sashen Faransanci na jami'arku ya fassara miki, kada ki dogara da fassarar na'ura a kan maganar haraji, domin takan rikita sunayen muƙamai da na kuɗi. Ko sakin layi biyar kika samu daga wannan ɓangare, kundinki zai bambanta da na waɗanda suka tsaya a Jibiya kamar duniya ta ƙare a nan.

Ɗalibar Tarihi ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara girma. Baba, maganar rabuwar Katsina tsakanin larduna uku ban taɓa jin ta ba, kuma da na tafi a haka da na yi asarar tafiyar. Na duba Kubanni jiya da dare na sami kundaye biyu, na kuma fitar da lambobin fayil goma sha ɗaya daga bayansu. Sai dai yanzu wani tsoron ya kama ni, domin abin ya yi mini yawa: Kaduna, Zariya, Faransanci, ajami, ga shekara talatin da takwas na sarauta. Sannan har yanzu ina jiran amsar tambayata ta uku. Waɗanda suka biya jangali a zamanin Dikko sun riga mu gidan gaskiya, to hirar da zan yi da 'ya'yansu da jikokinsu tana da wani nauyi a idon masu jarrabawa?

Malama Mai Nazarin Zamantakewa ta amsa:

Ƙanwata, tana da nauyi, in kin yi ta bisa ƙa'ida. Ni ba 'yar tarihi ba ce, a sashen nazarin zamantakewa nake, amma na yi aikin digirina na uku a tsakanin matan makiyaya, kuma a nan zan ɗan saɓa wa Baba, tare da girmamawa. Ya ce ki fara da Kaduna. Ni ina ganin ki fara da hira uku ko huɗu a cikin danginku na wajen uwa, tun da ba sa buƙatar kuɗin mota mai yawa. Fayil zai jira ki, dattijo mai shekara tamanin da biyar kuwa ba shi da wannan alkawari. Ban da haka, daga bakinsu za ki ji sunayen ardo-ardo da mashaya da burtali da dazuzzukan da ake ɓoye shanu, waɗanda in kin gan su a takardar Bature an rubuta su a karkace za ki gane su nan take.

Jangali bai ƙare da rasuwar Dikko a 1944 ba, ya ci gaba a zamanin Sarki Usman Nagogo har bayan samun 'yancin kai, saboda haka akwai masu rai da suka ga ana karɓarsa da idonsu suna yara. Aikinki shi ne ki raba abin da mutum ya gani da abin da aka ba shi labari, ki kuma gane wane zamani yake nufi. Dattawa ba sa ƙirga shekara da lamba. Za su ce miki shekarar yunwar kaza, ko lokacin hakimi wane, ko kafin a yi titin mota. Ki rubuta yadda suka faɗa, daga baya ki nemi shekarar a takardu. Idan mutum uku da ba su san juna ba, a garuruwa daban-daban, suka ba ki labari iri ɗaya, sannan rahoton Di'o ya koka da raguwar shanu a wannan damina, babu mai jarrabawar da zai ture wannan.

Kada ki taɓa buɗe hira da tambayar shanu nawa gare ku. Bafulatani ba ya son a ƙirga masa dukiya, kuma jangalin da kike bincike yana cikin abin da ya ƙarfafa wannan ƙi. Na yi wannan kuskuren a makona na farko, wata tsohuwa ta dube ni da littafina da birona, ta ce wa jikarta ta kawo mini nono, daga nan ba ta ƙara cewa uffan ba sai sallama. Da na koma bayan kwana biyu ba littafi a hannu, na tambaye ta yadda aka yi bikinta, ita da kanta ta gangaro kan shekarar da aka sayar da saniyar sadakinta don a biya jangali. Ki nemi mata musamman, domin takardun Kaduna kusan ba su san da su ba, alhali a cikin garke akwai shanun da nasu ne. Ki nemi izini kafin ki kunna rikoda, ki bayyana abin da za ki yi da maganar, wanda kuma bai so a ambaci sunansa ba ki sakaya shi. A littafinki ki rubuta ranar hira da wurin da kimanin shekarun mai magana da harshen da aka yi ta, in da Fulatanci ne ki ambaci wanda ya yi tafinta.

Halin tsaro a yammaci da arewacin Katsina ba ɓoyayye ba ne, kuma babu kundin da ya kai ran mutum. Dattawa da yawa daga ƙauyukan nan sun dawo cikin birni da manyan garuruwa wurin 'ya'yansu, a can za ki same su. Tsofaffin malaman En'e da iyalan gidajen hakimai su ma suna birni, wasu da tsofaffin rasit da littattafan lissafi a cikin adaka.

Game da yawan aikin da ya tsorata ki, digiri na biyu ne kike yi, ba a ce ki rubuta tarihin jangali gaba ɗaya ba. Ki koma wurin malaminki da shawarar rage batun zuwa gunduma ɗaya ko biyu, ki bar lambobin fayil goma sha ɗayan nan su nuna miki shekarun da takardu suka fi kauri. In kin tsayar da ranar tafiya Kaduna ki sanar a nan, akwai wata ɗalibata da za ta je duba takardun Lardin Zariya a hutun nan, sai ku haɗa masauki ku raba kuɗin.